Hoton da Ba a Ɗauka da Kyamara Ba

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ta hana su saurare.

Yau tambaya ce zan fara da ita. Idan aka ƙwace maka waya, aka ƙwace kyamara, za ka iya ɗaukar hoto? Yawancinmu za mu ce ina! To, shekara ɗari da suka wuce wasu masu fasaha a Turai sun yi, kuma ayyukansu na rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha har yau.

Ga yadda abin yake. Takardar wanke hoto ta dā ana shafe ta da sinadarin azurfa, wanda ke yin baƙi idan haske ya taɓa shi. Sai mutum ya shiga ɗaki mai duhu, ya shimfiɗa takardar, ya ɗora mata makulli ko mataji ko kofin gilashi, ya kunna fitila na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya wanke ta. Inda haske ya sauka ya yi baƙi. Inda makulli ya tare ya zauna fari fat. Inda gilashi ya bar haske kaɗan ya wuce, sai ya fito toka-toka. Ka san shatin da agogo ke bari a hannun wanda ya daɗe yana shan rana? Kusan haka ne.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1843 wata 'yar Ingila, Anna Atkins, ta yi amfani da irinta wajen nuna tsirran teku a littafi. Amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mayar da ita fasaha zalla. Wajen 1919, wani Bajamushe, Christian Schad, yana zaune a Siwizalan, ya riƙa tsinto tsummoki da yagaggun takardu yana jera su a kan takardar hoto. Man Ray ɗan Amurka ya koma Paris a 1921, shekara na zagayowa ya fitar da kundi mai ɗauke da irin waɗannan hotuna 12. László Moholy-Nagy ɗan Hungary, wanda ya fara koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus a 1923, shi ma ya duƙufa a kai tare da matarsa Lucia.

Na san wani zai ce, to ina gwanintar? Ai ko yaro zai iya ɗora makulli a takarda. Gaskiya ne. Amma wa ya zaɓi abin da za a ɗora? Ta wane ɓangare fitilar za ta hasko? Daƙiƙa nawa? A ɗaga abin sama kaɗan inuwarsa ta yi laushi, ko a danne shi ta fito da kaifi? Duk wannan shawara ce, kuma a cikin duhu ake yanke ta, ba ka ganin sakamako sai an wanke. Sannan babu fim ɗin da za a sake bugawa daga gare shi, kowane ɗaya tilo ne.

Abin da nake so mu ɗauka ke nan. Mun saba jingina kyawun hoto ga tsadar waya, har wani ya fasa koyon ɗaukar hoto saboda wayarsa ƙarama ce. Waɗannan mutanen sun ajiye na'urar gaba ɗaya, hoto bai fasa fitowa ba. Ashe ido ne jarin.

Idan ka nemo aikin Man Ray a intanet, kada ka tsaya kan "wannan mene ne?" Bi hasken, ka gano ta inda ya shigo da abin da ya tare shi.

Kana so ka gwada? Jiƙa kurkum a sifirit na asibiti, tace, shafa wa farar takarda. Idan ta bushe, ɗora ganye, danne da gilashi, bar ta a rana na wasu awanni. Rana za ta koɗar da inda babu ganye, siffarsa ta zauna.

Wanda ya gwada ya turo mana mu gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.