Zama da tsayuwar mai ciniki a kasuwannin Magariya da Dungas

Manomin Kwaya da ya koro ragonsa kasuwa, tun bai buɗe baki ba dillali ya karanta shi. In ya tsaya yana waige-waige, yana yawan duban rana, ya saki igiya tun tayin fari, an gane rumbu ya yi ƙasa ko bashi ya matso. Irin wannan ba a ƙara masa komi. Wanda kuwa ya sami inuwa ya zauna, ya naɗe igiya a hannu, ya ce «albarka» ba tare da ya ɗaga kai ba, ya nuna yana iya komawa gida da dabbarsa. Shi ake bi da ƙarin jika ɗaya, jika biyu.

Mai saye ma da nasa salo. Yakan tsuguna ya taɓa gadon baya, ya duba haƙora, ya miƙe ya kaɗe riga ya ba da baya kamar ya tafi. Takun nan taya ce, ko da ba a faɗi kuɗi ba. Fataken da ke kai dabbobi Maigatari ranar Alhamis sun ƙware da ita, kuma dillali, mai jiran la'ada, ya fi son a sallama da wuri.

A Amurka, cikin 2010, Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap sun gwada mutum 42, suka ce buɗe ƙirji na minti 2 yana sauya sinadaran jini, ya ƙara ƙarfin hali. Cikin 2015 wasu masana suka sake gwajin da mutum 200, ba su ga sauyin jinin ba, har Carney ta janye daga maganar a 2016. A ganinmu dillalan ƙasarmu sun fi kusa da gaskiya: zaman yana aiki ne a idon abokin ciniki, kuma sai in akwai hatsi a gida da ke tsaye bayansa.

A gaban sikeli kuwa, zama da tsayuwa ba su da amfani. Zamanin gyaɗa, bayan kafa SONARA da UNCC a 1962, kuɗin kilo gwamnati ke yankewa. Abin da ke kare manomi a nan shi ne ya matsa kusa, ya karanta lamba da idonsa, ya lissafa kilo da dala kafin a zuba buhunsa cikin tari.