Harafin Tsakiya a Cikin Suna

Harafin tsakiya shi ne harafin farko na sunan mutum na biyu, wanda ake rubutawa da ɗigo tsakanin sunan yanka da sunan dangi. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda takardun gwamnati da na banki kan ware masa gurbi.

Babban amfaninsa shi ne rarrabe masu suna ɗaya. Da shi ake bambanta George W. Bush, wanda ya hau mulkin Amurka a 2001, da mahaifinsa George H. W. Bush. Ɗan fim Michael J. Fox kuwa ya ƙara "J" ne saboda ya tarar ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta riga ta yi wa wani Michael Fox rajista.

Wani lokaci harafin kan riƙe tarihin gida. "F" ɗin tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy na nufin Fitzgerald, sunan gidan su mahaifiyarsa. "S" ɗin tsohon shugaba Harry S. Truman kuwa ba gajarta wani suna ba ne. Iyayensa sun sa masa shi don girmama kakanninsa maza biyu.

Masana da marubuta ma kan riƙe harafin don kada a jingina aikinsu ga takwarorinsu.