Kayan Ƙari na Tsofaffin Kwamfutoci da Sharuɗɗan Darajarsu

Daga cikin samarin Ibohamane da sauran garuruwan Adar masu tafiya cin-rani bayan girbi, akwai waɗanda kan faɗa sana'ar jari-bola a manyan birane, inda allunan kwamfuta kan ratsa hannunsu su sayar da su a kan kilo, alhali kuwa a Turai da Amurka akwai jama'ar da suka duƙufa wajen tara irin waɗannan kaya, musamman abubuwan da ake jona wa kwamfutocin gida na da domin ƙara musu ƙarfi.

Asalin al'amarin shi ne, na'urorin farko sun fito da rauni ƙwarai. ZX81 ta kamfanin Sinclair a Ingila, wadda ta bayyana a 1981, kilobayit 1 kacal take riƙewa, sai aka ƙera mata akwati mai kilobayit 16 da ake maƙalawa ta baya, wanda da ya ɗan girgiza sai aikin da mutum ya wahala a kai ya salwanta. Amma da yake an sayar da na'urar fiye da miliyan ɗaya da rabi, akwatin bai yi wuyar samu ba, tsufansa kuma bai sa shi tsada ba. Saɓanin haka SuperCPU, wanda kamfanin CMD ya yi wa kwamfutar Commodore 64 a 1996, bayan kamfanin Commodore ya karye a 1994 kuma jama'a sun koma wasu na'urori: ya ninka saurinta kusan sau 20, masu saye ƙalilan ne, aka ƙera kaɗan, shi ya sa yau ake rububinsa. Ƙarancin abu, tare da yawan masu bukata, shi ne sharaɗin daraja na farko.

Na biyu cikar kaya da lafiyarsu, wato kwali da littafin bayani da faifai. Allon ƙari A501 na kwamfutar Amiga 500 yana ɗauke da batir wanda, in ya daɗe, yakan zubar da ruwa ya cinye hanyoyin tagulla. Na uku, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne sanin hannun da abin ya biyo, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai sun binciki isnadinta. Gama jabu ya yawaita, har akan goge rubutun ƙwaƙwalwar 68060 ta Motorola a buga wani don ta yi kama da samfurin da aka fi so.

Haƙiƙa galibin abin da ke isowa bola ragowar kwamfutocin ofis ne da aka ƙera miliyoyi, ƙimarsu ta ƙarafan da ke ciki ce. Sai dai kafin a fasa allo ya kamata a duba lambobi huɗu da ke jikin ƙananan baƙaƙen sassansa, domin sau da yawa suna nuna shekara da makon da aka ƙera su, a gane ko allon na kwamfutocin da ne: 8412 na nufin mako na 12 na 1984.