Tabon da Ba Makero Ba



Tabo ne ya fito wa mutum a cinya ko a ɗuwawu, inda rana ba ta taɓawa. Yana ƙaiƙayi, fatar wurin ta yi laushi ta yamutse kamar takardar sigari. Ya shafa maganin makero, shiru. Aka ce kirci ne, ya sayo wani man a kemis, tabon ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Ana haka har shekaru su shuɗe. Galibi irin wannan tabo ƙaramin ciwo ne, amma a wasu ƙalilan sankara ce, wadda likitoci ke kira limfoma ta fata.

Fararen ƙwayoyin jini da ke gadin jiki, su ne ke lalacewa su taru a cikin fata. Nau'in da aka fi gani shi ne maikosis fangoyidis, wanda likitan Faransa Alibar ya fara bayyanawa a 1806, da ya ga ƙurajen wani majiyyaci sun tsiro kamar naman kaza, daga nan sunan ya samo asali. Sunan ya sa wasu na zaton ƙwayar cuta ce. A'a, ba a ɗaukarta, ko da tabarma ɗaya kuke kwana.

A jikin baƙar fata cutar ta kan zo da fari-fari maimakon ja, har ga matasa, sai a ce kyasbi ne ko kuturta. Tabon kuturta kuwa ba ya jin taɓi, wannan ƙaiƙayi yake yi. Tabbaci sai likitan fata ya kashe wurin da allura, ya cire ɗan nama kamar ƙwayar dawa, a duba a madubin likita. Wani lokaci sai an maimaita. Abin da ke damuna shi ne man sitiroyid da ake saya barkatai, har a cikin man bilicin: yana ɓoye cutar daga idon mai gwaji, shi ya sa likita kan ce a dakatar da shi na wasu makonni kafin a ɗauki naman.

Ciwon yana tafiyar hawainiya, kuma wanda aka gano da wuri kan yi tsawon rai kamar kowa. A matakin farko fata kawai ake yi wa magani: man shafawa da likita ya rubuta, ko haske. Majiyyaci ya shiga wani akwati mai kama da kabad, fitilu kewaye da shi, ya rufe ido da tabarau, ya tsaya 'yan mintuna, sau biyu ko uku a mako. Idan tabo ya yi kauri ya zama ƙari, a gasa shi da na'ura. In cutar ta shiga jini, fata duka ta yi ja tana saɓa, wato ciwon Sezari, sai a koma ga ƙwayoyi da allurai irin su metotireksat da intaferon, wani lokaci har dashen ɓargo.

Mai tabon da ya ƙi jin magani watanni, ya nemi sashen fata na asibitin koyarwa mafi kusa, ya tafi da kwalayen duk man da ya taɓa shafawa.