Kurma ba wawa ba ne: mu auna jin iyalinmu tun daga goyo har tsufa

A wannan wata zancenmu a kan kunne yake.

A ajinmu na yaƙi da jahilci nan Yamai, akwai wani magidanci mai zama can baya. In na kira baƙi, sai ya maimaita wani daban. Ƴan aji su yi ta dariya, ni kuma na ɗauka kansa ne ba ya ja. Wata rana na rubuta kalma a allo ban ce komi ba, sai ya riga kowa kwafe ta daidai. Da na tambaye shi, ya ce ya daɗe yana aikin injin niƙa, tun daga nan yake jin magana kamar daga cikin rijiya. Na maido shi gaba, in zan yi magana sai in dube shi. Kafin damina ya iya rubuta wasiƙa. Laifin nawa ne, don ban bincika ba.

Irinsa suna da yawa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako saboda rashin ji. Ta ce kuma cikin yara 10 masu wannan matsala, 6 da an yi rigakafi da ba ta same su ba. Bukatar jariri daban, ta yaro daban, ta tsoho daban. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Jariri a goye

Yaro da kunne yake koyon magana. Wanda bai ji ba, ba zai faɗa ba, shi ne muke ce wa bebe alhali harshensa lafiya lau. Uwa ta lura da abu 4. Sabon haihuwa yana firgita in kwano ya faɗi. Ɗan wata 6 yana waiwayawa wajen murya. Ɗan shekara 1 yana gwalan-gwalan, yana sanin sunansa. Ɗan shekara 2 yana haɗa kalma 2. Ga gwaji mai sauƙi: a tsaya bayan yaro inda ba ya gani, a tafa hannu. In an yi sau da yawa bai motsa ba, a kai shi gidan likita. Kada a zauna ana cewa nauyin baki ne na gado.

Sanƙarau da ƙyanda

Sanƙarau yana cikin manyan masu toshe kunne a ƙasarmu. Yana zuwa da rani, lokacin ƙura da zafi, yana lafawa in ruwa ya sauka. Alamarsa zazzaɓi, ciwon kai da wuya ya sanƙare. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, kuma Yamai ta sha wuya ƙwarai. Cikin mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, 1 yakan fita da lahani, sau da yawa na kunne. Don haka wanda ya warke, a auna jinsa kafin a ce an gama.

Ciwon iri-iri ne. Allurar da aka fara a 2010 iri ɗaya take tarewa, shi ya sa na 2015 ya samu hanya. A 2024 aka kawo sabuwa mai tare iri 5. In masu allura sun zo gari, a fito da yara, har na ruga. Ƙyanda ma tana kashe kunne, ana yin allurarta in yaro ya kai wata 9. Kunnen da ke zubar da ruwa kuwa, kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye, kada a soka tsinke. Kada kuma a yarda da allurar masu tallar magani a kasuwa, don wasu magunguna in sun yi yawa suna kurmantarwa.

Yaro kurma da lakwal

In ji ya riga ya tafi, hankali yana nan. Hausawa sun daɗe da maganar hannu, a Kano ma har sarautar Sarkin Bebaye gare su. A Yamai akwai lakwal ta kurame mai suna Hassane Bana Ba, akwai irinta a Maraɗi da Damagaram. Can ana koyar da karatu da lissafi da hannu. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya yi karatu mai zurfi, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin ya mutu a 1987 ya kafa fiye da 30 a Afirka. To, ina dalilin tura ɗanka bara? Ƴan gida su ma su koyi maganar hannu, kada a bar uwa ita kaɗai.

Babba a wurin aiki

Kurma yana noma, yana kiwo, yana ɗinki, yana aure. Abin da ke cutarsa shi ne a yanke magana a gabansa bai sani ba. Ranar rabon gado, ko taron gari, ko ganin likita, a samu mai yi masa bayani da hannu. Yaro kurma mai kiwo ba ya jin mota, kada a bar shi shi kaɗai bakin titi da bisashe. Mai injin niƙa ya toshe kunnensa lokacin aiki, ya riƙa fita yana hutawa, don jin da ƙara ta ci ba ya dawowa.

Tsofaffinmu

Cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da 1 cikin 4 jinsu ya ragu sosai. Tsoho sai ya daina zuwa fada, a ce ya rikice, alhali kunya ce. Ku tsaya gabansa cikin haske, ku yi magana a hankali, ban da ihu. Wani dauɗar kunne ce kawai, likita ya wanke ta. Wani yana bukatar ƴar na'ura mai batir da ake maƙalawa a kunne. Likitocin kunne na babbar asibitin Yamai suna auna ji. Sai an auna ake sanin wadda ta dace, kada a saye ta da ka.

Ran 3 ga watan Maris na kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, amma kada mu jira ta. Yau da dare kowane maigida ya gwada yaransa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kurman garinku kuma ku nuna masa da hannu. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.