Yadda ake auna gubar maganin ƙwari a cikin ruwa

Ruwan sama kan kwashe maganin ƙwarin da aka fesa a gona zuwa tabki ko kogin Isa. Don sanin ƙarfin gubarsa, masana na gwada shi kan dafniya, wata mitsitsiyar halittar ruwa da ƙananan kifaye ke ci.

Bisa ƙa'idar OCDE mai lamba 202, ana saka dafniyar da ba ta kai awa 24 da haihuwa ba cikin kwalabe masu magani, aƙalla matakin ƙarfi biyar. Bayan awa 48, sai a ƙirga waɗanda suka kasa iyo. Yawan maganin da ya kassara rabinsu shi ake kira CE50. Idan adadin ya yi ƙanƙanta, gubar mai tsanani ce.

Inda dafniya ta ƙare, abincin kifi ya ragu, masunta kuma su ji a jikinsu.