Sallamar Masu Wayar Iska

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da kan ajiye na'urar wayar iska a gida, don sha'awa kurum, su riƙa taɗi da takwarorinsu na nesa. To, amma mutum ba ya kunna na'ura ya kama surutu haka kawai. Sai ya yi sallama tukuna, sallamar kuwa haruffa biyu ce, CQ, a kan maimaita su sau uku. Ma'anarsu ita ce, "Duk mai jina ya amsa."

Masu wayar iska gadonta suka yi daga ma'aikatan tangaraho na Ingila, waɗanda kan buga CQ in suna son dukan tashoshin da ke kan layi su saurara. Waɗansu sun ce daga kalmar Faransanci mai nufin tsaro aka gutsuro ta. In kuwa aka faɗi haruffan da Ingilishi, sai su yi kama da "ina nemanka," abin da ya sa ba su da wuyar tunawa.

Da kamfanin Markoni ya sa wayar iska cikin jiragen ruwa, sai CQ ta bi shi. A 1904 kamfanin ya ƙara mata D, ta zama CQD, watau kiran jirgin da ke cikin haɗari. Nan fa aka sami matsala. In iska ta yi ƙara harafin ƙarshe ya ɓace, mai sauraro sai ya ɗauka sallama ce kawai, alhali kuwa mutane na bakin halaka. A taron Balin na 1906 aka amince da SOS, wadda bugunta ba ya rikicewa da wani. Amma sabo wuyar bari gare shi: daren da jirgin Taitanik ya nutse a 1912, duka biyun aka buga.

Bayan CQ sai mai kira ya buga DE, watau "daga" da Faransanci, sa'an nan lambarsa. Farkon lambar shi ke nuna ƙasa. G ta Ingila ce, 5U Nijar, 9G Gana, 5N Nijeriya, wadda zamanin mulkin Turawa ta kan amsa ZD2. Sai ya rufe da K, watau "bismilla, kai nake sauraro."

In hira ta ƙare a kan yi ban kwana da 73, ma'ana gaisuwa mai yawa. Ita ma daga tangaraho ta fito, tana cikin jerin lambobin da kamfanin Western Union na Amurka ya tsara a 1859 don taƙaita saƙo.